Kaset Mai Ruwan Ɗorawa

Simeon ya dire daga kan acaɓa tun bai gama tsayawa ba, ya kutsa kasuwar Makarfi yana tambaya. Ranar Laraba ce, rake ya tare ko'ina, masu kura sai ihu suke a ba su hanya. Mutum uku ya tambaya, kowa da inda ya nuna masa. Sai na huɗu, wani mai mazarƙwaila, ya ce, "Au, Auwal mai tarkace? Bi ta bayan 'yan rediyo, za ka ga shuɗiyar ƙofa."

Bai kai ƙofar ba wayarsa ta yi ƙara. Bernice ce, matar yayansa.

"Simeon, kana ina? Kawu Benson ya sake kira. Ya ce gobe da sassafe mota za ta zo."

"Maman Linda, don Allah ki ba ni zuwa la'asar."

"Ni dai ban ce masa komai ba. Wallahi na rasa abin faɗa."

Wata uku ke nan da yayansa Barnaba ya faɗi a gaban keken ɗinkinsa a Ikara, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Mai gashin ƙashi ta asibiti ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: hannun zai iya dawowa, amma sai mai hannun ya so, in kuwa aka bar yatsun suka sandare, shi ke nan. Barnaba kuwa ya juya wa duniya baya. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya bar ta ta gangara ƙarƙashin gado. Fasto ya zo da 'yan kwaya sun yi waƙa, ko ɗaga ido bai yi ba. Da Kawu ya gaji sai ya yanke hukunci: a mayar da shi gida Saulawa, a kwantar a ɗakin tsohuwa, a bar wa Allah. Simeon ya san ɗakin nan sarai. Wanda aka kai can, ba ya sake ganin ƙofar asibiti.

Abin da ya kawo shi Makarfi kuwa, ko faɗa yana jin kunya. Shi mai gyaran waya ne. Ran Lahadi yana zaune kusa da gadon yana gwada wayar wani, sai ta saki wani ɗan kiɗa irin na tsofaffin gem, wasannin nan da ake jonawa a talabijin, tilin-tilin. Barnaba ya juyo da kai, babban yatsansa na dama ya motsa. Simeon kaɗai ya gani. Da ya gaya wa Kawu, sai tsohon ya ce, "Ƙuda ne ya sauka masa. Mutum da furfura a gemu za ka kawo wa kayan wasan yara?"

Shagon Auwal ɗan tsukuku ne, amma daga ƙasa har rufi gem ne jere, kowanne a cikin leda, an liƙa masa takarda da shekararsa. Auwal siririn mutum ne mai tabarau. Suka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi damina, Simeon na amsawa a gaggauce.

"Malam Auwal, Sega nake nema."

Auwal ya yi dariya har da buga cinya. "Kai ma? A ƙasar nan kowane gem Sega ne. Wane iri? Kuma kafin mu je ko'ina, tarawa za ka yi ko bugawa? Don mai tarawa daban, mai bugawa daban."

Simeon ya zayyana masa komai, bai rage ba. Dariyar Auwal ta ɗauke. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya miƙe ya sauko da guda uku, ya jera a kan tebur.

"Wannan na asali ne, ɗan Japan. Daga Abuja ake zuwa nemansa, kuma kullum daraja yake ƙarawa. Wannan ƙaramin sabo ne fil, wasa ɗari shida a cikinsa, ba kaset ba wahala, ka jona ya kawo. Wannan kuwa," ya ɗan ture wani baƙi mai tsagaggen murfi, "jabu ne, irin wanda ya cika gari zamanin muna yara. Don tarihi kawai na ajiye shi. Wanne ne naku?"

Nan fa ake yin ta. Simeon ya zura musu ido, kansa fayau. Shekararsa bakwai lokacin da babansu ya dawo daga Kano da abin a cikin kwali. Barnaba ne mai sha uku, shi ke jonawa, shi ke sa kaset, Simeon nasa kawai a miƙo masa abin dannawa na biyu a ce kada ya taɓa komai. Zufa ta karyo masa. A ce ya taso tun daga Ikara ya kasa gane abin da ya zo nema!

"Kaset ɗinku wace kala ce?" in ji Auwal.

"Ruwan ɗorawa."

"To, rufe idonka."

Ya ɗora masa abin dannawa na farko a tafin hannu. Sumul, mai nauyi, baƙo. Na biyu ya yi ƙanƙanta. Na ukun yana sauka, yatsun Simeon suka zauna da kansu, har babban yatsansa ya nemi maɓallin da ke ɗan lotsawa, ya kuwa same shi. Ya buɗe ido. Na jabun ne.

"Shi ne," ya ce.

Auwal bai yi murna ba. "Tsakani da Allah zan gaya maka. Abin nan ya haura shekara ashirin da biyar, rabon da in kunna shi na manta. Gwadawa ma ba hali, ba wuta tun jiya, janaretana kuma na wajen gyara. Kana iya kai shi gida ya ƙi tashi. Sabon nan kuwa ko rantsuwa na yi ba kaffara, zai kawo, kuma wasannin naku duk suna ciki. Dama ɗaya gare ka. In ka kunna a gaban mara lafiya ya ƙi, ka san ka ƙara masa wani ciwon."

Simeon ya ɗauki sabon, ya ajiye. Ya sake ɗauka. Hankali dai ya ce sabo. To amma shi da kansa ido bai gane masa komai ba, sai da hannu ya taɓa. Kuma hannu ya zo nema.

"Ba ni tsohon."

Auwal ya naɗe shi a tsumma, ya haɗa da kaset uku. "Biyu naka ne. Na ukun, mai tankokin yaƙi, aro na ba ka, shi kaɗai gare ni. In ya warke, shi da kansa zai kawo mini."

A motar Ikara Simeon ya rungume ƙullin a ƙirji kamar mai ɗauke da ƙwai. Kowane rami motar ta faɗa, sai ya ƙara ƙanƙame shi. Wata mata da ke gefensa ta tambaya ko magani ne. Ya ce eh.

Ana kiran la'asar ya shiga gidan. A tsakar gida ya tarar da jakar Barnaba an riga an ɗaure, da tabarma a naɗe a kai. Bernice ta fito idonta jawur, ta dubi tsumman. Tare suka kinkimo tsohuwar talabijin mai tudun baya daga ɗakin ajiya, don sabuwar ba ta da ramin da wayar eriya za ta shiga. Ya ja janareta, ya shigo ɗakin.

"Yaya, sannu da jiki. Ga wani abu na kawo."

Barnaba na jingine da filo, fuska ga bango, hannun dama a yashe kan cinya. Simeon ya ɗora masa abin dannawa kusa da hannun, ya jona komai yana rawar jiki, ya danna kaset, ya kunna.

Talabijin ta yi shuuu, sai yayyafi da wasu layuka masu rawa. Ya kashe ya kunna. Haka. Ya sauya kaset. Haka. Ya sa na ukun, na aron, ya danna da ƙarfi har murfin ya yi ƙara. Ba abin da ya sauya. Bernice ta jingina da ƙofa ta rufe baki da gefen zane. Simeon ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ga sabo fil an ba shi ya ƙi, ya kwaso gawa, shi mai wayo.

Sai wani sauti ya fito daga gadon, mai kauri, kamar an ja kujera.

"Hhu... ra."

Suka daskare. Barnaba ya juyo, idonsa na kan talabijin.

"Hura."

"Yesu!" Bernice ta dafe ƙirji. "Ya yi magana! Baban Linda, fura kake so? Fura yake so! Mero! Mero, kina da sauran fura?" Ta fice da gudu ba takalmi, tana ƙwala wa maƙwabciyarsu kira.

Simeon kuwa dariya ce ta ƙwace masa tare da hawaye. Wace fura! Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan kaset ya sani: in ya ƙi kawowa, cire shi ake a hura masa iska a gindi a mayar. Ya zare kaset ɗin ya hura, fuu, ya mayar. Yayyafi dai.

Barnaba ya yi tsaki. Rabin tsaki ne, ta gefen baki, amma tsakin nan ne dai na wa da ya ga ƙaninsa na ɓata aiki. Sai hannun nan da ya yi wata uku a yashe ya ja jiki a kan zanen gado, kaɗan, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Yatsun suka buɗe.

Simeon ya saka masa kaset ɗin a ciki, ya tallafi gwiwar hannun, suka kai shi baki tare. Barnaba ya tattara numfashi ya hura. Rabin iskar ta zurare ta gefe, har da miyau. Ya ɓata rai, ya ƙara damƙe kaset ɗin, ya sake.

A haka Bernice ta same su, da kwanon fura a hannu. Ta tsaya tana kallon yatsun mijinta a naɗe da abin. A hankali ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ciro waya daga ƙugu, ta koma tsakar gida. Simeon na jin ta tana gaisuwa, har ta kai inda za ta.

"Kawu, a yi mini haƙuri. A sallami mai motar."

Simeon ya karɓi kaset ɗin ya durƙusa zai mayar. A nan idonsa ya faɗa bayan talabijin. Wayar eriya ce ta zame, tana lilo, ko rabi ba ta shiga ba. Garin rawar jiki bai tura ta ba. Shi da ke gyaran waya shekara goma sha biyu! Turawa ɗaya, hoto zai kawo tar.

Ya kai hannu, sai ya tsaya. Ya waiga ya dubi yayansa, wanda ke haki, ido a buɗe, yatsu na motsi suna jira. Ya janye hannunsa ya bar wayar yadda take. Ya danna kaset, ya kunna, ya girgiza kai, ya sake zarowa.

"Yaya, bai yi ba," ya ce, yana miƙa masa ta hannun dama. "Ƙara."