Ruwa Kafin Wuƙa

Harisu yana kankare katakon rumfarsa aka shigo da wani mutum cikin lungun mahauta na Agege, ana jan sa da wuyan riga. Direban danfo ne, ƙaramar bas ta haya, Bayarabe, ya taso daga Abule Egba ya biyo hanyar da bai kamata ya biyo ba a ranar. Motarsa tana can bakin titi tana ci da wuta.

Tun da safe labari ya iso cewa faɗa ya ɓarke a kasuwar Mile 12, ana kashe 'yan Arewa. A can Alu, ƙanin Harisu, yake sayar da tumatir, kuma har azahar ba wanda ya ce ya gan shi. A shekarar ne sojoji suka koma bariki, aka ce mulki ya dawo hannun jama'a. To, ga jama'ar nan, da gorori da adduna.

Alhaji Sanda mai kanti ne a gaba, mutumin da ko kaza zai ci sai ya aiko Harisu ya yanka masa.

"Malam Harisu, ga rabonka," in ji shi. "Ƙaninka suka taɓa, kai ne kuma mai wuƙa."

"An ga gawar Alu ne?"

"Sai ka ga gawa? Su jira suka yi?"

Aka kayar da direban a bakin kwata, inda jinin dabbobi ke bi. Mutum biyu suka danne masa ƙafafu.

Kowa a lungun ya san bakin Harisu ba ya zama haka nan. Tsohon da ya ba shi wuridi ya ce masa jan carbi a masallaci kowa ya iya, shi ya kai nasa rumfa. Ya kai kuwa. Yana fiɗa yana zikiri, yana sara yana zikiri, har abokan sana'a na tsokanarsa wai namansa da alwala yake isa tukunya. Amma yau, tun safe, sunan Alu kaɗai ke yawo a bakinsa.

Ya ɗauki wuƙar. Ba tilasta shi aka yi ba, yana so.

Ya juya baya ya wasa ta, don ba a wasa wuƙa a gaban abin yanka. Sai da ya gama ya lura da abin da ya yi. Kafin nan hannunsa ya riga ya kai ga kwanon ruwa.

"Me kuma za ka yi da ruwa?" in ji Sanda.

"Ban taɓa yanka da ƙishi ba."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta.

Harisu ya tsuguna, ya tallafo kan direban, ya kafa masa kwanon. Mutumin ya sha, haƙoransa na buga bakin kwanon, rabin ruwan na zuba a ƙirjinsa. Da ya ɗago, ya ce da Hausar da ya tsinta a tasha, "Na gode, Baba."

Tun yana saurayi Harisu yake shayar da dabba kafin yanka. Ba wadda ta taɓa yi masa godiya.

Ya dafa wuyan, ya buɗe baki zai yi bismilla. Kalmar da ke fita da kanta ko cikin barci yake, ta ƙi fita. Ya sake gwadawa. Abin da ya ji kawai numfashin kansa ne, da jijiyar wuyan mutumin tana bugawa ƙarƙashin yatsarsa.

Ya miƙe, ya miƙa wa Sanda wuƙar ta wajen ƙota.

"Alhaji, bismilla ta ƙi fita, ni kuwa ban iya yanka babu ita ba. Karɓi, ka faɗa da ƙarfi mu ji."

Sanda ya mai da hannuwansa cikin babbar riga. "Ni ba mahauci ba ne."

"Na sani."

Ya bi sauran da ƙotar ɗaya bayan ɗaya. Mazan da suka ƙona mota da rana tsaka, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Masu danne ƙafafu suka saki ba tare da an ce su saki ba.

"Tsoro ne kawai," in ji Sanda. "Kaicon Alu, ba shi da babban wa."

Harisu ya ja direban cikin rumfa, ya garƙama kwaɗo, ya zauna a ƙofa da wuƙar bisa cinya. Taron ya watse kaɗan-kaɗan, aka koma titi neman wata motar.

Bayan la'asar aka kawo Alu a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da tabarma. Sanda ya dawo ya tsaya. Bai yi gaisuwa ba, ƙofar rumfar kawai yake kallo.

Harisu ya taɓa kwaɗon ya tabbatar a kulle yake, ya jefa makullin a aljihu. Ya ɗauki kwanon nan, ya bi gawar zuwa gida. A wani keɓaɓɓen wuri cikin gidan ya naɗe hannun riga, ya ɗebi ruwa, ya tsuguna a kan ƙaninsa zai yi masa wanka.

Wannan karon bismillar ta fito, ko da yake muryar ba ta yi kama da tasa ba.