Shu'aibu Direba a Bayan Keken Kifi

A Madarumfa ba wanda ya taɓa ganin Shu'aibu direba ya gama gaisuwa. Kana ce masa ina kwana zai ce lafiya, kafin ka kai ga ina gajiya ya ba ka ƙeya, kafin ka tambayi mutanen gida ya sha kwana. Ba girman kai ba ne, Allah ya sani, mutum ne mai sakin hannu, in ya dawo daga Kano har sabulu yake raba wa tsofaffi. Sauri ne kawai ya shiga jininsa. Tuwo a tsaye yake ci, kuma liman na sallame salla, kafin a shafa fatiha takalmansa sun bar ƙofar masallaci.

Shekara takwas da samun 'yancin kai, lokacin da gyaɗa ke tashe, wani Alhaji na Maraɗi ya damƙa masa kamiyo, babbar motar kaya, yana jigilar buhuna daga Maraɗi zuwa Kano, ta Ɗan Issa da Katsina. Babbar hanyar ba ta ratsa Madarumfa, don haka in kaka ta yi sai ya shafe mako biyu ko uku bai leƙo gida ba. A hanyar nan ba abin da ya tsana irin masu keke, alhali yawancinsu mutanenmu ne, masu ɗaura kwandon kifin tabki su kai kasuwar Ɗan Issa da ta Maraɗi. Yakan ce keke ba abin hawa ba ne, tafiyar ƙasa ce a zaune. Tun daga nesa zai kwanta kan hon, bayin Allah su yi ta rawar kai har su faɗa cikin geza da kifinsu, shi ko ya wuce ko waiwaye babu.

Matarsa Balaraba ta yi shekara tara a ɗakinsa ba ta taɓa ko ɓari ba, sai a shekarar nan Allah ya ba ta ciki. Ranar da zai kama hanya ta tare shi a bakin ƙofa, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a waje.

"Malam, ban ce ka zamna gida ba, na san ba ka iyawa," in ji ta. "Abu guda nike roƙo. Ranar suna ka kasance nan, kai za ka raɗa ma liman sunan da bakinka. Shekara tara nike jiran in ga wagga rana."

"Wallahi ko daga Kano ne sai na zo," in ji shi. Kuma har zuciyarsa ya faɗa, don shi ma abin ya daɗe yana cinsa. Sai dai a lissafinsa da sauran wata guda cur.

Kwana huɗu da tafiyarsa Balaraba ta sauka, ta sami 'ya mace.

A lokacin in kana da saƙo, masu keke ne wayarka. Inna Delu, uwar Shu'aibu, ta fita bakin tabki ta bi masu kifi ɗaya bayan ɗaya tana ba su saƙo, duk wanda ya ga kamiyon ɗanta ya tsai da shi. Sun kuwa gan shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na farko ya ɗaga masa hannu, Shu'aibu ya zaci so yake ya kama bayan mota ta ja shi, ya ƙara wuta. Na biyu ya cire hula yana kaɗawa, ya sha hon har kunnensa ya yi kwana biyu yana ƙara. Na uku bai ma kai ga ɗaga hannun ba, yana can cikin ƙaya yana tsintar kifi.

Sai aka bar saƙon wajen Tani mai fura a shingen duwan, wato kwastan, na Ɗan Issa, tunda nan dole mota ta tsaya. To amma a wurinmu ba a jefa wa mutum albishir kamar ana jefa wa kaza tsaba. Sai an gaisa, an tambayi kwana da gajiya da aiki da hanya, kana a ce albishirinka, ka ce goro. Tani kuwa dattijuwa ce da ta san ya kamata. Da ta hango shi ta ajiye ludayi, ta gyara mayafi, ta tako gindin mota.

"Shu'aibu, ina kwana?"

"Lahiya."

"Ina gajiya? Ƙaƙa aiki? Ƙaƙa kunka baro mutanen..."

Aka ɗaga shinge. Tani ta ƙarasa gaisuwarta da lambar bayan mota. Sau biyu ana haka, na tafiya da na dawowa, kuma kowane karo da ya ƙara haƙurin tambaya biyu da ya ji.

Ranar kwana shida aka ɗaure rago a ƙofar gida, aka sayo goro, uban jaririya bai san an yi ba. Ƙanen mahaifinsa, Ɗan Baba, ya ce ba a ɗaga suna don mutum guda, in gari ya waye bai zo ba shi zai ba liman suna. Balaraba ta juya fuskarta bango tana shayar da 'yarta. Inna Delu ce ta ga hawayenta, ta fita ta sami Baba Inusa, aminin marigayi mijinta.

Baba Inusa ya ba sittin baya, kuma kekensa bai fi shi ƙuruciya da yawa ba. Sirdin an naɗe shi da tsumma, ƙararrawar ta daina magana tun zamanin Nasara. Shekara ashirin yana kai kifi Ɗan Issa a kansa, ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ba a kuma taɓa jin kifinsa ya ruɓe ba. Ya saurari Inna Delu har ta gama.

"Ku bar ni da shi," ya ce. "Ni na san inda mota ba ta da wayo."

Ya tafi Ɗan Issa tun ranar. Tani ta gaya masa kamiyon ya iso daga Kano bayan an rufe shinge, nan zai kwana, da safe ya wuce Maraɗi. Baba Inusa bai je ya same shi ba. Ya ce yaron da ba ya tsayawa gaisuwa a tsaye, to a bari ya tsaya da dalili.

Gari na wayewa aka ɗaga shinge, Shu'aibu ya fizgi mota. Gaba kaɗan da gari akwai wurin da hanya ta tsuke, rairayi dama da hagu, mota ɗaya tak ke iya bi. A nan ya hango mai keke a tsakiyar hanya sak, yana taka feda a hankali kamar mai jiƙa gari. Ya danna hon. Mai keke bai ko motsa kafaɗa ba. Ya sake dannawa, ya leƙo ta taga yana ihu, ya matso har hancin mota na shinshinar kwandon. Tsoho dai sai lilo yake abinsa. Da haƙuri ya ƙare, wanda dama ba shi da yawa, Shu'aibu ya karya sitiyari hagu zai zagaye shi. Ƙafafun baya suka nutse cikin rairayi har gindi, injin ya yi tari biyu ya mutu.

Ya diro yana huci, baki cike da maganganun da ba a faɗa wa babba. Sai mai keken ya sauka, ya jingine shi, ya juyo.

"Baba Inusa! Kai ne? Mi na yi maka za ka kashe ni da sahe?"

"Shu'aibu, ina kwana?"

"Baba, dibi motar mutane!"

"Ina kwana, na ce."

Ba inda za shi, motar ta riga ta zauna. Ya ce lafiya. Aka tambaye shi gajiya, ya ce babu. Aka tambaye shi aiki, da hanya, da mutanen Kano, da na Katsina, da zafin injin, ya amsa duka yana cije haƙora. Rabonsa da kai gaisuwa ƙarshe tun yana yaro.

"To, albishirinka."

"Goro," in ji Shu'aibu, muryarsa ta sauya.

"Balaraba ta sauka lahiya, an samu ɗiya. Yau kwana bakwai. Yanzu haka ana shimhiɗa tabarmi ƙohwar gidanka."

Shu'aibu ya dafa motar. Farin ciki da tsoro suka taho masa lokaci guda, bai san wanda zai fara ji ba. Ya dubi rana ta fara ɗagowa, ya dubi ƙafafun mota a cikin rairayi, ya tuna rantsuwar da ya yi a bakin ƙofa. Fitar da motar nan aikin mutum goma ne da rabin yini. Ya bar ta hannun Ɗan Azumi, dattijon da ke yi masa lodi, ya fizge keken daga hannun tsoho.

A nan asiri ya tonu. Mutumin da ke juya kamiyo da hannu ɗaya bai iya keke ba. Ya hau ta dama ya sauka ta hagu, ya sake hawa ya rungumi geza. Baba Inusa ya kwance kwandon ya ba Ɗan Azumi ajiya, ya karkaɗe sirdi.

"Hau baya, ɗana. Ka ɗaga ƙahwahu, ka bar sauran gare ni."

Haka suka kama 'yar hanyar da ta yanke zuwa Madarumfa, babban direba a mazaunin kifi, gwiwoyi a sama, ƙuda na rakiya. Inda rairayi ya yi yawa su sauka su tura. Wannan duk Shu'aibu ya jure. Abin da ya kusa haukata shi gaisuwa ce. Baba Inusa ba ya wuce mutum a kan keke, sai ya sauka. Ya sauka wa masu sussukar gero, ya sauka wa mata a bakin rijiya, ya sauka wa wani makaho da ke shan hantsi har ya tambaye shi ciwon ƙafarsa na bara.

"Baba, don girman Allah! Za su yanka ragon!"

"In sun yanka ka ci nama. Mutum na ganinka ka wuce shi kamar kututture?"

A wani ƙauye suka tarar da Sa'idu tela a gindin tsamiya yana ba sabon kekensa iska. Baba Inusa ya sake sauka. Shu'aibu ya ce shi kam ya gaji, ya kama hanya da ƙafa yana surutu shi kaɗai, ya bar su suna ina kwana ina gajiya. Jim kaɗan Sa'idu ya wuce shi fiu, ko kallonsa bai yi ba. Shu'aibu ya bi shi da harara, ya ce dubi marar mutunci, yana ganin mutum a ƙasa ya wuce. Shi da bakinsa ya faɗi haka.

Baba Inusa ya cim masa, ya sake hawa baya. Wata mota ta ɓullo musu a kusa da gari, ta kwanta kan hon, suka faɗa gefe su da keken. Shu'aibu ya tashi yana kakkaɓe ƙaya daga wando, ya buɗe baki zai zagi direban, sai ya rufe. Baba Inusa ya ɗaga keken, suka ci gaba.

Sanda suka hango ruwan tabki hantsi ya dubi ludayi. Suna kuwa da sanyin safiya ake raɗa shi, kowa ya kama gabansa. Shu'aibu ya sunkuyar da kai. Ya san an gama, ya san Ɗan Baba ya ba da suna, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda zai shiga ɗakin Balaraba ya dubi idonta. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

Suka shawo kwanar gidan. Tabarmi na nan cike da mutane, sun ja su zuwa inuwar bango. Ragon na ɗaure yana tuƙa. Goro na cikin faifai ba a taɓa ba. Liman na zaune yana fifita da gefen rawani, ga Sa'idu tela a gefensa yana shan ruwa.

"Ga shi nan, an kawo shi bisa keken kihi!" wani ya faɗa, wuri ya kaure da dariya.

Ɗan Baba ya taso. "Har na duƙa kunnen liman, sai ga Sa'idu da saƙon Inusa, wai a dakata kana tahe. Liman na da wani sunan a Safo, ya ce su ma su jira. Masunta ba su shiga ruwa ba. Tun sahe muke nan."

Shu'aibu ya juya ya dubi Baba Inusa. Tsoho na jingine kekensa.

"Da kai a baya ba keken da ka sauri, ɗana, nauyinka ya yi buhu biyu," ya ce. "Shi ya sa na aiki wanda ba shi da kaya."

Shu'aibu ya dubi mutanen da ke zaune. Ga wanda ya tura cikin ƙaya, ga mai hular da ya kurumta, ga tsofaffin da bai taɓa tsayawa ya ji ƙarshen gaisuwarsu ba. Dukansu sun bar aikinsu sun zauna cikin zafi suna jiransa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban liman, ya kai baki kunnensa, sai muryar ta ƙi fita. Ya gwada sau biyu, hawaye ne kawai ke zuba.

"Yi a hankali, Shu'aibu," in ji liman. "Ba mu sauri."

Da ƙyar ya raɗa. Liman ya ɗaga murya ya ce yarinya ta ci suna Hadiza, aka shafa fatiha, aka kayar da rago. Daga cikin gida guɗa ta tashi, kuma a ƙarƙashin guɗar Shu'aibu ya jiyo muryar Balaraba tana tambayar Inna Delu, "Shi ya hwaɗa? Da bakinshi?"

"Da bakinshi," in ji Inna Delu.