Sarbo Mai Kilo Sittin

Shekara talatin da shida Ba-Ribas ya yi yana jan tirela, kuma a faɗarsa ko kaza bai taɓa takewa ba. Kajin da suka mutu a ƙarƙashin tayarsa, su suka kawo kansu. Sunan kuwa abokan aikinsa ne suka laƙaba masa, ba don motarsa ba ta ja da baya ba, sai don in ya faɗi magana, ko shaidu goma aka kawo masa ba ya janyewa.

Da kamfani ya sallame shi ya je ya huta, sai hutun nasa ya zame wa matarsa aiki. Tun safe yana biye da ita daga ɗaki zuwa kicin, yana koya mata yadda ake jera kwanuka, ita da ta yi shekara arba'in tana jera su ba tare da shawarar direba ba. Ran nan ta kira 'yarsu, wadda injiniya ce a wata masana'anta, ta ce mata, "Ki samo wa ubanki abin yi, ko ni ki samo mini wani gidan."

Bayan mako biyu kwali ya iso. A ciki akwai motar wasa mai rimot, irin mai hawa duwatsu, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba.

"Ni?" in ji Ba-Ribas. "Ni da na ja mota mai taya goma sha takwas? Saura a aiko mini da bulumboti."

Ya ɗora ta a saman kabad. Kwana uku bayan haka matarsa ta same shi durƙushe a falo, yana cusa motar da baya tsakanin ƙafafun kujera, yana yi mata hon da baki.

"Gwadawa nake," ya ce, bai ɗago ba. "In ga ko an cuci yarinyar nan."

"Allah ya saka maka da alheri, Maigida. Ka yi ta gwadawa har shekara."

Maƙwabcinsu, wani tsohon mai kemis da ya bar wa ɗansa shago, shi ya kai shi bayan unguwa. Akwai wani gini da aka fara aka bari, da tulin tsakuwa da ya fi mutum tsawo. Duk Asabar da hantsi dattawa biyar masu furfura suke taruwa a gindinsa, kowa da motarsa, ana gasar wanda zai fara kai wa ƙololuwa. Kullum ta Mai Kemis ce ke fara isa. Wannan abu ya tsaya wa Ba-Ribas a maƙogwaro. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zuba ƙwayoyi a leda, shi ne zai koya masa hawa gangare?

Sai ya shiga yi wa motar gyaran manya. Ya sa mata tayoyi masu faɗi. Ya kai wa mai walda ya yi mata bamba ta ƙarfe. Ya ɗaura mata dalma gaba da baya, wai don ta kama ƙasa. Ranar da ya fito da ita, a kwanar farko aka ji wani ƙaraf-ƙaraf a cikinta, tayoyin gaba suka karkace hagu suka zauna a nan. Motar ta yi ta zagaye wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Mai Kemis ya ɗauke ta ya kara a kunne. "Sarbo ne ya tafi," ya ce. "Ɗan injin da ke juya sitiyari. Haƙoransa na roba ne, ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, sun zube."

"Dama rago suka sa mata," in ji Ba-Ribas.

Shagon da ake sayar da kayan irin waɗannan motoci yana saman wani bene, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai yanka makulli. Bangonsa duk ƙananan aljihunan tebur ne masu lamba, ko'ina warin dalma. Mai shagon mace ce, tabaranta na rataye a wuya, da ƙarfen liƙi a hannu.

"Sarbo nake so, mai ƙarfi," ya ce.

"To, Baba. Nawa ne nauyin motar?"

"Ƙarama ce."

"Faɗin tayar fa?"

"Daidai misali."

"Batirin bolt nawa ne?"

"'Yata, asibiti na zo ne? Saura ki tambaye ni abin da na ci jiya."

Ta ajiye ƙarfen, ta ɗauko wani ɗan kwali. Ta yi masa bayani da haƙuri, irin na wadda ta saba da dattawan da suka san komai. Lambar da ke jikin kwali, in ji ta, ita ce ƙarfin juyin injin: kilo ashirin na nufin nauyin da zai iya ɗagawa a tazarar santimita ɗaya daga sandarsa. Amma duk wanda ya fi ƙarfi ya fi shan wuta, ya fi girma, sau da yawa kuma ya fi nawa wajen juyawa. Ga motarsa, a ganinta, mai kilo ashirin da haƙoran ƙarfe ya isa har ya yi saura.

Ba-Ribas bai ji rabin maganar ba. Idonsa na kan wani kwali baƙi a can sama, an rubuta sittin da jan fenti.

"Wancan fa?"

"Na hannun mutum-mutumi ne, Baba, masu ɗaga kaya. Ko motocin da suka kai girman tunkiya."

"Shi nake so."

"Ba zai shiga gurbin ba. In ya shiga ma, sandar sitiyarinka ba za ta jure ba. In ta jure, batirinka ba zai iya ciyar da shi ba."

"Shekarunki nawa?"

"Talatin da huɗu."

"To ina kan titi da shekara biyu aka haife ki. Sauko mini da shi."

Ta sauko masa da shi. Har ƙofa ta rako shi da addu'ar Allah ya sa a yi amfani da shi lafiya.

Bai shiga gurbin ba. Ba-Ribas ya shimfiɗa jarida a teburin cin abinci, ya ɗauko zarto, ya yi ta yankar cikin motar har gurbin ya amince. Matarsa ta leƙo, ta ga garin roba har cikin kwanon sukari.

"Masu kamfanin ba su iya awo ba ke nan," ta ce.

"Yara ne."

"Ai kuwa. Ka rubuta musu wasiƙa, su zo su koya."

Asabar ta zo. Ya ajiye motar a gindin tsakuwa, ya zagaya yana gaya wa kowa lambar sittin, har da maigadin ginin da bai tambaya ba. Ya taɓa rimot. Sarbon ya juya da ƙarfin da aka yi alkawari, sandar robar da ke haɗa shi da taya ta ce ɗas, guntunta ya wuce ta gefen kunnen Mai Kemis.

"Ƙarfi dai akwai shi," in ji Mai Kemis, yana shafa kunne.

Mai walda ya yi masa sandar ƙarfe. Asabar ta gaba motar ta fara hawa, har ta kai rabi. Sai tayar gaba ta maƙale tsakanin duwatsu biyu. Da direba mai hankali ne, da ya ɗan ja da baya. Ba-Ribas kuwa ya murɗa sitiyari har ƙarshe ya danne. Sarbon ya zuƙe wutar batirin kaf, na'urar da ke karɓar umarnin rimot ta suma, fitilun motar suka mutu. Da wutar ta dawo, injin ya sake yunƙurawa. Da yake ba abin da ya rage mai rauni sai gurbin da zarto ya sirantar, sai ya tumɓuke kansa daga jikin motar. Ta gangaro tana wuntsilawa, ta faɗa cikin ramin da magina suke tara ruwa.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi sauƙi. Dattawan suka kewaye ramin suna yi masa jaje ɗaya bayan ɗaya, kamar an yi rasuwa.

A gida ya kira 'yarsa, ya ce mata an sayar masa da jabu.

"Ayya, Baba. Nawa ne nauyin motar yanzu?"

Kafin ya buɗe baki ta ƙaro wasu tambayoyin.

"Tayar fa, ka canza? Batirin bolt nawa ne?"

"Kun haɗa baki da matar nan ta saman bene?"

"Wace mata, Baba?"

Ya kashe wayar. Ya zauna yana kallon motar da ke ɗiga a kan tawul. Wani abokin aikinsa ya faɗo masa a rai, wanda ya taɓa sa wa tsohuwar tirela sabon inji mai ƙarfi ya bar mata giyabos ɗinta na da, ta zube masa a tsakiyar gada. Shekara goma Ba-Ribas ya yi yana ba da labarin nan a tasha, yana kwaikwayon fuskar mutumin, ana riƙe ciki. Yanzu da ya tuna, sai kunya ta kama shi.

Matarsa ta leƙo ta dubi motar. Ta shiga kicin ta fito da sikelin da take auna fulawa, ta ajiye a gabansa tare da tef ɗin ɗinki da biro, ta koma.

Ya ɗora motar a sikelin: kilo huɗu da rabi. Da ya kwance dalmar, uku da ɗan wani abu. Ya auna tayar, ya duba batirin, ya rubuta komai a takarda.

Ranar Litinin ya hau benen, ya miƙa wa mai shago takardar ba tare da ya haɗa ido da ita ba. Ta sa tabarau ta karanta.

"Wani abokina ne ya aiko ni," ya ce.

"Allah sarki. Ka gaida abokin, Baba. Ka ce masa ga mai kilo ashirin, haƙoran ƙarfe, ba ya jin ruwa. Ga sabon gurbi, don na san abokin naka yana da zarto. Ga kuma wannan ɗan zoben mai sifirin: in taya ta maƙale, shi zai ba da kai maimakon injin."

"Zan gaya masa."

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa. Motar ta hau a natse, tana juya kai daidai inda ya nuna mata. Sau biyu taya ta maƙale, sau biyu ya ja da baya kaɗan ya sake hanya. Da ta kai ƙololuwa ta tsaya a can, sai ya ji ƙwalla ta cika masa ido, abin da bai faru ba ko ranar da aka sallame shi daga aiki. Ya waiga ya ga wa ya gani. Dattawan ba su iso ba tukuna. Maigadi kaɗai ke zaune a kan bulo yana yanke farce.

"Malam, ka gani ko? In sun zo kai ne shaidata."

Maigadin ya ɗaga kai ya dubi motar, ya dubi tulin.

"Na gani, ranka ya daɗe. Dama ina so in gaya muku: mai ginin ya dawo. Jibi za a fara kwashe tsakuwar."