Saje Tamu Ba Ya Ci Sai Kowa Ya Ci

"Baba, don Allah ko ludayi guda," in ji Raihanatu. Ta kai masa kunu baki, ya kau da kai wajen bango.

"Yarana sun ci?"

"Sun ci, Baba."

"Ke wa ta? Ba ke ka kawo rahoto ba."

Ta dube ni, ido cike da hawaye. Ni ce Zaituna, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Danwarai, kuma ni na dama kunun nan da hannuna, da tsamiya yadda yake so. Tun da zazzaɓi ya kwantar da Baba Tamu ya daina gane 'yarsa, ya kuma rufe baki. Likita a Jega ya ce maganin ba ya shiga cikin da babu komai. In bai ci ba, da yunwa zai tafi, muna kallo.

Yaran da yake tambaya ba na gida ba ne. Saje ne shi a lokacin yaƙin basasa, cikin rundunar da ta gangara kudu daga nan arewa. Ya sha ba mu labari a rumfar albasarsa, har mu gaji. Wai kwamandansu na farko ya kafa doka: babba ba ya kai loma sai na ƙasa da shi duk sun ci. Aka kashe wannan, aka kawo wani, aka sake canzawa, amma dokar ta zauna. Shi kuwa ya dawo da ita gida. Ranar suna ko biki, sai ya zauna da kwanonsa a rufe har tuwo ya sandare. Na sha yi masa tsiya, in ce, "Baba Saje, yaƙi hwa ya ƙare!" Sai ya ce, "Ke dai tahi ki duba ko yara sun samu."

Haushi da tausayi suka cika ni. Na leƙa gida na ce wa maigidana, "Malam, taimaka ka hau babur zuwa Liba. Ka ɗauko Baba Arzika, ko goyo na ka goyo shi."

Arzika ne kaɗai ya rage cikin mutanen Saje. Bayan la'asar suka iso, tsoho ya sauko yana dogara sanda, haƙori babu ko ɗaya. Da ya kai ƙofar ɗaki sai ya jingine sandar, ya miƙe gwargwadon abin da bayansa ya yarda.

"Saje! Kofur Arzika na. Kowa ya ci."

Baba Tamu ya juyo a hankali. "Kai hwa?"

Arzika ya karɓi ƙwaryar kunun, ya kurɓa a gabansa.

"Ɗalha hwa?"

Duk mun san Ɗalha a labari: ƙaraminsu ne, harsashi ya same shi a bakin kogi yana layin abinci da kwano a hannu. Na dubi Arzika, na ce a raina shi ke nan, tsohon nan ba zai iya ƙarya ba.

"Ɗalha ya huta, Saje. Inda yake ba a jin yunwa."

Baba Tamu ya dube shi. Sannan ya ce, "To, madalla," ya buɗe baki. Raihanatu ta ba shi, ya sha, ya ƙara, har ya ce, "Tsamiyar Zaituna ta wagga." Wallahi sai na fita waje na yi kukana.

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa, cikinsa da ɗumi.

Ranar sadakar uku na fito da tuwo, aka rarraba wa mutane a ƙofar gida. Da na dawo kwashe kwanoni, na tarar da Baba Arzika a gefen tabarma, nasa kwanon a rufe bisa cinya, yana bin yaran unguwa da ido ɗaya bayan ɗaya.