Kalmasar Rigar Yarima

"Tsayar da shi nan, Malam. A'a, ka wuce. Koma baya kaɗan."

Na ja hoton baya da yatsa. Baba Tela ya ɗago kansa daga filo da ƙyar, ya gyara tabarau, ya matso da fuskarsa har numfashinsa ya dusashe gilashin wayar. A cikin hoton, Mai Rufe Fuska yana saukowa daga bayan ƙatuwar mikiyar nan mai fukafukan tagulla, ƙafa ɗaya a ƙasa, iska ta ɗaga gefen rigarsa.

"Jawo min ƙasan rigar kusa. Yawwa. Ka ga layin nan da ya zagaye ta?"

"Ƙura ce, Baba."

"Ƙura ba ta bin layi, Malam. Tsohuwar kalmasa ce. An warware ta, an saki tsawon rigar, ya kai yatsa huɗu. To hau sama, kafaɗa. Ka ga yadda ɗinkin ya tattare a hammata? An rage ta." Ya tsaya ya ja numfashi. "Rigar Yarima ce, ba musu. Amma ba Yarima ne a ciki ba. Wanda ke ciki ya fi shi tsawo, bai kai shi faɗi ba. Mace ce. Doguwar nan ce mai haɗa magani. Yarima ya mutu, ku bar yaron nan ya huta."

Ya koma ya kwanta yana dariya yana tari. Auta, 'yarsa da ke jinyarsa, ta shigo da kofin ruwa ta harare mu.

"Baba, likita ya ce ka rage magana. Malam, kai ma da kake babba."

"Ki bar mu, aiki muke," in ji shi. "Malam, rubuta. Ka tura musu kafin wani ya riga ni."

Ranar Lahadi ce. Shirin da muke kallo, Ƙofar Tagulla, saura kashi ɗaya ya ƙare, kuma Asabar mai zuwa da ƙarfe biyar za a nuna shi. Mu sittin da wani abu ne a guruf ɗin da Mai Aski na bakin layinmu ya buɗe saboda shirin, kuma tun da aka gama kashi na tara na zangon ƙarshe ba a bar wayoyinmu sun huta ba. Direba ya rantse mikiyar ce Yarima, sihiri ne ya juya shi. Mai Kemis ya ce duk abin mafarkin tsohon sarki ne, za mu gani. Wata da ban san ta ba ta turo hoton fuskarta tana kuka, ta ce in aka kashe mikiyar ita da shirin har abada.

Ni kuma ina da littafi. Shekara uku ina rubuta shi, irin mai kauri da nake rubuta darasi a ciki: jerin sarakuna da jar biro, taswirar biranen, wa ya faɗi me a wane kashi. Saboda shi ake ce min Farfesa a guruf. In gardama ta yi zafi sai a ce, "A jira Farfesa." Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan jiran fiye da yadda ya kamaci mutum mai shekaruna.

Ni na kawo Baba Tela cikin harkar. Katangarmu ɗaya, shekara goma sha tara ƙarar kekensa ce ke tashina da safe. Da ƙafafunsa suka fara kumbura, ya daina iya taka keken, sai na riƙa kai masa wayata don ya rage zaman kaɗaici. A kashi na biyu da ya kalla ya ce, "Manzon nan na ƙarya ne." Na tambaye shi dalili. Ya ce maɓallan rigar duk da zaren zinariya aka ɗinke su, ban da na wuya, shi da baƙin zare. "Rigar sata ce. An tsinke maɓallin wajen kokawa, aka mayar cikin gaggawa." Na yi dariya, na rubuta a guruf don a yi raha. Bayan mako biyu manzon ya zare wuƙa a gaban sarki.

Daga ranar aka sa masa suna Mai Ido. Ba ya karatun boko, don haka ni ne hannunsa. Ya faɗa, in rubuta, in fara da "Baba Tela ya ce". Layi uku nasa sai mutum arba'in su ɗaga masa babban yatsa, alamar yabo. Ni in yi shafi guda da hujjoji daga kashi shida, in samu bakwai, biyu daga ciki tsofaffin ɗalibaina ne. Na ƙirga. Kullum sai na ƙirga. Shekara talatin ina gaya wa yara su yi murna in ɗan'uwansu ya zo na ɗaya, ga ni ina ajiye waya in na ga sunan maƙwabcina.

Amma a wannan makon na dawo kan kujerata. Daren Asabar bai yi ba sai da na tura dogon bayani cewa Yarima bai mutu a faɗuwar hasumiya ba, shi ne Mai Rufe Fuska, da hujja goma sha ɗaya. Aka ɗaga min yatsa talatin da takwas. Mai Aski ya rubuta, "Farfesa ya dawo!"

Sai ga kalmasa.

Na zauna a bakin gadon na rubuta duk abin da ya faɗa, kalma da kalma, domin ni ba na aikin ganin dama. Na karanta masa, ya gyara wuri ɗaya: "Ka ce yatsa huɗu, kar ka ce kaɗan." Na gyara. Babban yatsana ya tsaya a kan wurin turawa. Sai na kashe fuskar wayar na sa a aljihu.

"Ka tura?"

"Na tura, Baba."

Ranar Litinin da na dawo daga makaranta na leƙa shi. Ɗakin na warin man zafi, kekensa a lulluɓe da tsohon zanen gado, tef ɗin awo rataye a jikin ƙusa.

"Me suka ce?"

"Suna nazari. Ka san abin da nauyi."

"Direba bai yi gardama ba? To lallai ba shi da lafiya shi ma."

Na yi dariya tare da shi. A hanyar gida na ce wa kaina gobe zan tura, in bari nawa ya ƙara kwana ɗaya kawai.

Ranar Talata ina zaune a ɗakin Baba Tela sai ga Mai Aski da ledar ayaba. Auta ta je karɓo magani. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja kujera, ya fara surutu kamar yana shago.

"Baba, guruf ya yi sanyi ba ka. Mun yi ta jira mu ji ta bakin Mai Ido, shiru. Amma wannan karon ko kai sai ka sara wa Farfesa. Hujja goma sha ɗaya! Yarima na nan da ransa, ko ba haka ba?"

Na kafa ido a kan ledar ayabar. Na ji Baba Tela ya juyo da kansa a kan filo. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, irin kallon da yake wa yadi kafin ya sa almakashi.

"Malam yana da hujja," in ji shi. "Mutum mai littafi ai ba a raina shi."

Da Mai Aski ya tafi na tashi zan bi bayansa.

"Zauna. Maɓallin wuyanka na lilo, tun jiya nake ganinsa, yana damuna. Miƙo min gwangwanin nan."

"Baba, bari, a gida za a ɗinke."

"Matar taka? Allah ya ba ta haƙuri, ɗinkinta kamar ana ɗaure akuya. Sunkuyo."

Allura ɗaya ce mai zare a cikin gwangwanin, zaren kuma kore ne, rigata fara. Idonsa ba zai iya zura wani ba, ni kuma bai ce in zura masa ba. Na sunkuya a kansa. Sau biyu yana kuskuren ramin maɓallin, ina jin numfashinsa a haɓata.

"Shekara hamsin ina ganin abubuwa a jikin rigunan mutane," ya ce, bai ɗago ba. "Wanda ya rame bai faɗa wa iyalinsa ba. Wanda ya ari riga zai je neman aiki. Ba wanda ya taɓa tambayata. Sai da ka zo da wayar nan, ka riƙa sa sunana a sama. Ka san ina sa Auta ta karanta min wurin sunan sau biyu?" Ya naɗa zaren, ya ƙulla, ya tsinke da haƙori. "Na so a ce na iya abin da ka iya, Malam. Tafi, ka yi kyau."

Na fito da niyyar in tura a bakin ƙofa. Na ciro wayar, na ga an ƙara ɗaga wa bayanina yatsa, sun zama arba'in da ɗaya, karo na farko da na wuce shi. Na mayar da ita aljihu.

Ranar Alhamis da safe ina ɗaura agogo na ji muryar Auta ta katanga. Ba ihu ta yi ba. Sunansa kawai take kira, "Baba, Baba," tana ƙara sassautawa. Kafin rana ta yi tsaka mun kai shi makwancinsa. Guruf ya cika da addu'a. Direba ya rubuta, "Allah ya jiƙan Mai Ido. Ya tafi bai gaya mana na ƙarshe ba." Na karanta wannan a tsaye a ƙofar gidansa, saƙon yana nan a wayata, ba a tura ba.

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu da rabi na fito zan tafi shagon Mai Aski, inda muka shirya kallon kashin ƙarshe tare. Auta na share ƙofar gida. Ta jingine tsintsiyar.

"Malam, yau za a gama ko? Don Allah in Baba ya canka, ka zo ka karanta min abin da suka ce. Ni ban gane shirin ba, amma ya yi ta maganar rigar nan har daren Laraba."

"Zan zo, Auta."

Na tsaya a jikin katangarmu. Na san in aka cire rufin fuskar nan kafin in tura, ba mai yarda cewa ya faɗa tun farko, za a ce bayan an gani ne aka ƙirƙira. Na kuma san in na tura da gaskiyar ranar da ya faɗa, kowa zai lissafa kwanakin. Na buɗe saƙon. Ban taɓa kalmominsa ba. A ƙasa na ƙara: "Ranar Lahadi ya faɗa min wannan, ya ce in tura. Ni na riƙe, saboda ya rushe nawa." Biyar saura minti goma sha biyu na tura.

Da na shiga shagon kowa na kallon wayarsa. Mutum kusan ashirin, wasu a benci, wasu a tsaye jikin madubi. Mai Aski ya ɗago, ya nuna min gefen benci.

"Zauna, Malam."

Shekara uku bai kira ni da wannan sunan ba.

Aka fara. Mikiyar ta sauka a kan Ƙofar Tagulla, sojoji suka ja da baya. Mai Rufe Fuska ya taka matakala a hankali, kuma a karon farko na daina sauraron abin da ake faɗa, na bi ƙasan rigar da ido. Layin na nan, ya zagaye ta. Hannu ya tashi, ya kwance igiyar rufin. Doguwar mai haɗa magani ta girgiza gashinta, ta dubi sarki.

Shagon ya kaure. Direba ya dafe kai yana cewa, "Yatsa huɗu! Wallahi yatsa huɗu!" Mai Kemis ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Wayoyi suka yi ta ƙara a aljihuna. Kafin a gama rubutun ƙarshe an ɗaga wa saƙon yatsa hamsin da tara. Na ƙirga. Har a lokacin sai da wani abu ya ɗan tsunkule ni a ƙirji.

Na je na karanta wa Auta duka, ɗaya bayan ɗaya, a tsaye a bakin ƙofa. Na karanta har da layin da na ƙara a ƙasa. Ta kalli tsintsiyar. Sannan ta ce in sake karanta mata farkon, wurin sunan.

Washegari matata tana ninke wanki a tsakar gida, ta ɗaga farar rigata ta juya ta wajen haske.

"Wa ya yi maka wannan aika-aikar? Koren zare a farar riga? Miƙo min almakashi in gyara."

"Bar shi haka."

Ta dube ni, ta dubi maɓallin. Ta ninke rigar, wuyan a sama, ta ɗora a kan sauran.