Ma'aunin Bagaruwa

Shekara talatin da ɗaya Mushe Chaïbou (Mushe laƙabin malamin boko ne a Nijar) ya yi yana koyar da tarihi a Damagaram, kuma babu shekarar da bai zana wa ɗalibansa ganuwar sarakunan Faransa a allo ba. Ya san sunayen mayaƙansu, ya san shekarar da kowace annoba ta sauka musu. Abin da bai taɓa zanawa ba shi ne majemar da ke bayan gidansu, inda mahaifinsa, Malam Salissou, ya ƙare rayuwarsa yana jeme fatun awaki. Wanda ya saba da kwat da taye ba ya son a tuna masa warin da ya ɗinka masa su.

Bayan ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, autarsa Fourera ta ɗauko shi zuwa Greensboro ta ƙasar Amurka a shekarar 2003. Tana aikin jinya a asibiti, tana zaune a wani gidan bene na haya a bayan High Point Road. Ya zo da akwati ɗaya, da carbi, da gafakar Alƙur'ani ta jar fata, aikin hannun mahaifinsa.

Gafakar nan ce ta jawo masa. Wata Lahadi abokiyar aikin Fourera, Celina, ta zo cin shinkafa da miyar gyaɗa, ta hango ta a saman kantar falo. Mushe ya zare littafin, ya miƙa mata gafakar. Ta shafa, ta sansana, ta kai ta bakin taga, sannan ta yi wata doguwar magana da Turanci.

"Baba, ta ce wai wannan fatar Maroko ce ta ainihi," in ji Fourera.

"Gaya mata akuyar ba ta taɓa zuwa Maroko ba. Daga ƙasarmu raƙuma suke kai fatun can, Turawa su saya a bakin teku, su raɗa musu sunan mai shago."

Celina ta yi murna ƙwarai. Ashe daga Litinin zuwa Juma'a ne kawai take ma'aikaciyar jinya. Ranar Asabar kuwa uwargidan wani hakimi ce na ƙarni na goma sha huɗu. Suna da ƙungiya ta masu kwaikwayon rayuwar Turawan da, suna taruwa a wata gonar dawakai a Summerfield, suna koya wa juna sana'o'in wancan zamani. Suna da maƙeri, suna da masaƙa, ba su da majemi.

"Ai Baba ɗan majemi ne," Fourera ta ce da alfahari. "Gadon gidansu ne."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan magana, saboda haka Mushe bai sami inda zai kama ya musa ba. Kafin a kwashe kwanuka an tsayar da Asabar huɗu na watan Oktoba.

Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce bai taɓa jeme ko fatar ɓera ba. Yana ɗan shekara bakwai aka sa shi lakwal, wato makarantar boko. Kowace safiya yana wucewa ta gefen majema da allonsa, mahaifinsa yana tsugunne a bakin kwatarniya, zai ɗago ya dube shi da fuska a murtuke, baki a karkace, ido ɗaya a runtse. Yaro ba ya buƙatar tafinta. Ya fahimci an yi tir da hanyar da ya bi, shi ma ya riƙa zagayawa ta bayan masallaci don kada a haɗa ido. Da haka aka rayu, cikin ladabi da gaisuwa, har Allah ya karɓi ran tsohon.

Yanzu ga auta ta ɗauki maganar gado ta kai wa duniya. Ita kam ta san majemar fiye da shi, domin tana ƙarama can take yini wajen kakanta, yana kiranta amaryarsa, tana kiransa miji mai tsamin fuska. A wurinta babanta ya gaji komai, aikin gwamnati ne kawai ya hana shi nunawa. Mushe ya gwammace a ce ya manta shekarar da aka ci kowane yaƙi da a ce ta gane hannunsa wofi ne.

Ya yi abin da malami yake yi: ya shirya darasi. Wani ɗalibin jami'a ɗan Zariya, Sirajo, ya aro masa wani tsohon littafin Faransanci a kan sana'o'in ƙasar Hausa. Komai yana ciki. A jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare da wuƙar jima da ake kira kartaji, a wanke, a tsoma a ruwan bagaruwa, a shafa man gyaɗa, a rina da karan dafi. Da aka zo kan yawan bagaruwar da za a zuba, sai marubucin ya ce "gwargwadon buƙata", ya wuce abinsa. Mushe ya sayi katin waya ya kira wani ɗan baffansa a Damagaram.

"Tiya nawa ake sawa a kwatarniya guda?"

"Haba Mushe, ai ba a aunawa. Sani ake yi."

Majemar ma, in ji ɗan baffan, an cike ramukan an gina shagunan gyaran babur.

Asabar ta fari Fourera ta tuƙa shi zuwa Summerfield, da fatun awaki shida da aka karɓo wajen wani mahauci ɗan Maraɗi, da buhun bagaruwa da wata Hajiya ta taho da shi daga gida don maganin gargajiya. Gonar tana da faɗi, itatuwa sun fara ja. An kakkafa tantuna masu tutoci. Wani likitan haƙori sanye da sulken da ya ƙera da hannunsa yana tsaye yana amsa wayar salula. A gindin wata bishiya ana darasin tarihi, kuma Mushe ya tsinci wata shekara da mai koyarwar ya kuskure da goma sha biyu. Ya daure bai ɗaga hannu ba. Abin da ya shekara talatin yana zanawa da alli, ga shi nan yana yawo a gabansa da ƙafa, yana cin sanwici.

An ba shi wuri a ƙarƙashin wata rumfa. Maƙwabciyarsa Lucia ce, dattijuwa mai dariya, wadda take koyar da haɗa giyar zuma da ta sha'ir irin ta mutanen da. Mushe ya dubi tulunanta, ya ja nasa robobin taku bakwai zuwa gabas.

"Gaya mata kowa da tulunsa," ya ce wa Fourera.

Ɗalibai tara suka yi rajista. Ranar aka tsoma fatu a ruwan toka. Asabar ta biyu aka kankare gashi, warin ya tashi, biyu daga cikin taran suka tuna suna da uzuri. Shi kuwa Mushe, da warin ya bugi hancinsa, sai ya ji kamar an buɗe masa ƙofar zauren gidansu, har da kukan tattabaru a soro. Ya sa aka daka bagaruwa a turmi. Ɗalibai suka fito da littattafai da biro.

"Baba, suna tambaya nawa za a zuba."

Ya dubi robar, ya dubi sama kamar mai tuno wani sirri, ya ce kofi uku. Suka rubuta. Har wani ya ja layi a ƙarƙashi.

Asabar ta uku ya ciro fata ɗaya, ya yanki gefenta kamar yadda littafi ya ce. Baya da ciki sun ɗan yi launi, tsakiya fari fat. Ba ta ci ba. Sanyin kaka ne kawai ya hana ta ruɓewa, amma ta fara santsi, kuma ko marubucin Faransa ya yarda cewa fata mai santsi ba ta jira. Celina, cikin doguwar rigarta ta ulu, ta tambaya ko haka ake so. Fourera ta fassara, ta tsaya tana jiran amsa, fuskarta cike da yarda.

Mushe ya ce a dako sabuwar bagaruwa. Ba shi da wata dabara. Yana son hannuwa su sami abin yi kafin bakinsa ya nemo abin faɗa. Aka jiƙa a ruwan ɗumi, aka tace, ya ɗebi kofi guda ya ajiye a kan benci, ruwa ja-ja-ja mai kumfa a sama.

A daidai lokacin Lucia ta zagayo da tire, tana raba wa jama'a ɗanɗanon abin da ɗalibanta suka haɗa. Ta san Mushe ba ya sha, don haka ba ta miƙa masa ba. Amma ta ga kofi mai kumfa, kuma a sana'arta abin da ya yi kumfa a kofi sunansa ɗaya. Ta ɗauka ya kawo irin na ƙasarsu ne don a yi zumunci. Ta ɗaga kofin ta gaishe shi, ta kurɓa.

Bagaruwa ba ɗaci ne da ita ba, bauri ne, irin wanda yake tattare harshe ya ɗaure dasashi. Bakin Lucia ya karkace, goshinta ya murtuke, idonta ɗaya ya ƙanƙance. Fourera ta fashe da dariya har ta dafa ginshiƙin rumfa.

"Baba, dubi fuskarta. Wallahi mijina ne ya dawo. Haka Kaka yake yi kullum da safe in ya lasa ruwan kwatarniya."

"In ya lasa?"

"To da? Ya tsoma yatsa ya kai baki. In fuskar ba ta yi ba, ya ce amarya ƙaro dakakkiya. Kai ma ai ka sani."

Mushe ya dubi kofin da ke hannun Lucia. Yana lissafin wani abu da ba ya cikin littafi. Ƙarfe bakwai da rabi yake wucewa zuwa lakwal. Ƙarfe bakwai da rabi ake haɗa ruwan bagaruwa, kafin rana ta ɗaga. Tsohon yana ɗagowa da yatsa a baki, ɗansa yana wucewa da allo. Shekara hamsin da wani abu ya yi yana riƙe da hukuncin da ba a taɓa yanke masa ba, shi da ya yi suna wajen koya wa yara kada su yarda da shaida ɗaya.

Ya ba Lucia haƙuri, aka kawo mata ruwa, ta ce ta sha abin da ya fi wannan muni a hannun ɗalibanta. Sannan ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a bakin robar da fatun suke ciki, ya tsoma yatsa ya lasa. Salam, kamar ruwan shayi na uku.

"Auta, zo ki tsaya nan gabana. Ki dubi fuskata, kada ki ji nauyina."

Ya sa aka zuba sabon ruwan, ya gauraya, ya lasa.

"Da saura," in ji ta. "Wannan fuskar da kake yi ce in an cika gishiri a miya."

Aka ƙara.

"Ka kusa. Amma shi har idon hagu yake rufewa."

Aka sake dakawa, aka sake ƙarawa. Ɗalibai sun yi da'ira, biro a hannu, ba su san me za su rubuta ba. A lasa ta huɗu harshensa ya naɗe, bakinsa ya ja gefe, idonsa na hagu ya rufe ba da izininsa ba. Fourera ta buɗe baki za ta yi tsokana, sai ta fasa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ya yi, Baba," ta ce a hankali. "Shi ke nan."

Likitan haƙori ya nemi a gaya masa adadin kofuna, domin ya ɓata lissafi a na goma sha ɗaya.

"Gaya masa ya soke ukun da na ba su wancan mako," in ji Mushe. "Ƙirƙira na yi. Ban taɓa yin wannan aiki ba sai a nan."

Fourera ta dube shi. Ta fassara rabin farko, ta bar na biyu a tsakaninsu.

Asabar ta huɗu aka yanki gefen fata, launi ya ratsa har tsakiya. Biyu sun lalace, huɗu sun yi. Aka shafa man gyaɗa, aka murza su a kan gungume har suka yi laushi, aka rina da karan dafi. Jan bai kai na gafaka ba, kuma Mushe da kansa ya jera su gefe da gefe don kowa ya ga bambancin. Celina ta ce za ta rubuta a takardar ƙungiya cewa fatar Damagaram ce. Ya tsaya a kanta har ta rubuta sunan daidai.

A hanyar komawa, fata ɗaya tana kan cinyarsa, motar duk ta ɗauki wari. Fourera ta kai hannu za ta sauke gilashi.

"Bar shi tukuna," ya ce.

Sun wuce gonaki biyu ko uku kafin ya sake magana.

"In na wuce da safe, kakanki yana cewa wani abu?"

"Ni ai ban zo duniya ba lokacin da kake lakwal. Amma in ka wuce a babur za ka wajen aiki, yakan ce, ga Mushe can, ko gaisuwa sai an cike takarda."

"Da wace fuska yake faɗa?"

"Baba, fuska ɗaya gare shi da safe."

Mushe ya shafa fatar. Baurin bai gama barin harshensa ba, kuma da ta miƙo masa alewa daga jakarta, ya karɓa ya sa a aljihu.