Katakon Mumbari

"To, mun shirya ke nan," in ji Mai Inji, yana kaɗa makullin mota a yatsa. "Ni zan ƙera mumbarin, kai kuma Baba Zarto ka goge ka shafa fenti. Aikin zaune ne, ya dace da gwiwarka."

Baba Zarto ya miƙa hannu suka tafa a gaban Fasto. Duk bencin da ke cocin nan shi ya ƙera. Shi ya koya wa Mai Inji riƙe guduma ma. Yanzu ga shi da injuna huɗu da tumbi, dattawan coci sun ba shi aikin da tsohon ya daɗe yana jira. Shekara bakwai ke nan da Baba Zarto ya ɗora katakon maɗaci shida a rufin shagonsa, suna bushewa, domin ranar da za a ce a yi sabon mumbari.

Da hantsi ya bi ta shagon Mai Inji don ya ga kayan aiki. Ya ɗaga katako ɗaya, ya ji nauyi. Ya ƙwanƙwasa, babu amo. Ya danna farce, wurin ya yi duhu. Ɗanye ne sharaf. Ba zai kai wata biyu ba zai lanƙwashe, ya tsage, Fasto na dafe da shi a gaban jama'a.

"Yaya ka gani, tsoho? A zamaninku akwai irin wannan?" in ji Mai Inji.

"Ina fa," in ji Baba Zarto. "Madalla."

Ya shiga gida yana fito. Matarsa ta ɗago daga wanki ta kalle shi.

"Maigida, da safe ka fita fuska kamar an yi mutuwa. Wa ya faɗa rami?"

"Ba wanda ya faɗi. Tukuna."

Da ya gaya mata, ba ta yi masa wa'azi ba. Matse riga ta ci gaba da yi.

"Ranar cin Jibin Ubangiji a coci kusa da shi kake zama," ta ce. "Kai za ka miƙa masa farantin gurasar, ko in nemo maka wani benci?"

Ya koma shago ya rufe ƙofa. Ya zauna a kan akwatin ƙusa, don gwiwa ba ta yarda ya durƙusa.

"Ubangiji, ba zan yi maka ƙarya ba, ba na son mutumin nan. Agogonsa ma haushi yake ba ni. So nake in ga ranar da abin zai tsage. In kana so in ƙaunace shi, sai ka kawo daga naka alherin, ni nawa ya ƙare tas."

Bai ji komai ba. Kishin yana nan zaune daram. Amma ya ga kansa yana jawo tsani.

Da yamma mai amalanke ya sauke katakon shida a ƙofar Mai Inji. Baba Zarto ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya yi amo ƙal.

"Naka ɗanye ne, zai kunyata ka. Yi da waɗannan."

Mai Inji ya shafa katakon, ya haɗiye yawu, sannan ya yi dariya.

"Ai na sani, da ma gwada idonka nake. Amma fa kada ka je kana cewa da hannunka a aikina. Kuma a matsar da su, sun tare min hanyar mota."

Baba Zarto ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. A ransa ya ce, "Ubangiji, ƙaro. Wancan ya ƙare." Ya sunkuya ya kama gefe ɗaya.

Ranar da aka keɓe mumbarin, Fasto ya ɗaga hannun Mai Inji sama, coci ta ɗauki tafi. Baba Zarto ma ya tafa, sau biyu, bayan kowa ya gama. Da farantin Jibin ya iso, ya miƙa wa Mai Inji.

Mai Inji ya samu suna, da aikin wasu majami'u biyu. Coci ta samu mumbarin da jikoki za su tarar. Baba Zarto ya rasa maɗacinsa, ko godiya bai samu ba, sai ɗanyen katakon nan da Mai Inji ya sa aka jibge masa a ƙofa don ya rage shara. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya jawo tsani, ya ɗora su a rufi ɗaya bayan ɗaya.